Ranar da Muka Ɗauko Balki Daga Ɗakin Uwarta

Na daɗe da aje aiki, kuma abubuwa da yawa sun fita kaina, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka ɗauko Balki daga ɗakin uwarta ba. Ku da kuka fito lakwal, makarantar ungozoma, kwanan nan kuna jiran a tura ku daji, gara ku ji labarin daga bakina.

A daminata ta biyu ne a wata likita, wato ƙaramin asibiti, da ke cikin ƙauyukan Tibiri, can wajen Dumega. Ga wanda bai san tsarin ba, likitar ƙauye irin tamu ba ta da lokotoro, wato dokta. Shugabanta majoro ne, wato babban anfirme, ma'aikacin jinya. Shi ke duba marasa lafiya, shi ke riƙe da magani, kuma sai da izininsa mota ke fita. Ni ce sajfam, awo da haihuwa suna hannuna. A ƙarƙashina akwai matiron, wato tsofaffin ungozomomin gargajiya da aka ba ɗan horo, aka ce su daina karɓar haihuwa a gida, su riƙa rako mai naƙuda wurinmu. Abin da ya fi ƙarfinmu, kamar tiyata ko ƙarin jini, sai mu sa mace a ambilans mu kai ta babban asibiti a Dogon Dutsi. Majoronmu sunansa Idi, mutum ne marar yawan magana. Direbanmu kuwa Bulus, Kirista ne ɗan Dogon Dutsi, ya girme mu duka, kuma babu hanyar shanu a yankin da bai sani ba.

Sau ɗaya Balki ta zo mini awo, cikinta ya kai wata bakwai. Cikin fari ne. Mijinta Sanusi ne ya kawo ta a moto, wato babur. Saurayi ne mai shagon kayan salula a Kore Mairuwa, cikin samarin nan 'yan sunna masu tsananta addini. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce sharaɗinsa ɗaya ne, kada namiji ya taɓa masa mata. Na ce awo nawa ne, majoro ba ya shiga. Da na duba ta na ga ƙafafunta sun kumbura, zobe ya nutse a yatsa, tansiyonta, wato awon jininta, kuma ya hau. Na ba ta ƙwayoyi, na gaya musu su biyun cewa ta dawo mako mai zuwa, kuma in ta ji ciwon kai ko ganinta ya dushe, kada su jira safiya ko yamma.

Ba ta dawo ba. Da na bincika sai aka ce an kai ta goyon ciki. Kun san al'ada, mai cikin fari gidan iyayenta take komawa ta haihu. Gidan uwarta yana wata tunga a bayan kori, rafin da ke cika da damina, kuma uwar ita ce Inna Dela, 'yar bori ce sananniya, danginta mutanen Lugu ne. Na aika matiron ɗin wajen, Iya Hajo, ta tuna musu. Ta dawo ta ce Inna Dela ta ce a gaishe ni, ta gode.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Ina tsakiyar awo sai ga Iya Hajo ta sauko daga amalanken jaki, zanenta duk taɓo. Ba ta ko gaisa ba.

"Madam, Balki ta hwaɗi. Tun da anka yi sallah take zabura, idanu sun juye, kumfa na hita."

"Sau nawa?"

"Sau biyu na gani da idona. An aika kiran mai goge."

Na sallami matan awo, na shiga wurin majoro. Ɗakinsa cike yake da yara masu zazzaɓi, kamar kowace damina, ba shi da halin tashi. Ya buɗe kabad ya ba ni allurar jijjiga da ruwan ƙari, ya kira Bulus ya ce ya fitar da mota. Ina bakin ƙofa ya ce mini, "In sunka hana, ba ki da ikon ɗaukar ta da ƙarhi. Sai mijin ya yarda." Wannan ka'ida ce, ni ma na san ta.

Jijjigar masu ciki, ga wanda bai taɓa gani ba, tana kama da farfaɗiya. Hawan jini ne ke kawo ta. Allurar tana tsayar da zaburar, amma ciwon ba ya sakin mace sai an raba ta da cikin. A ƙauye kuwa, idan mace ta zabura ta juya ido, babu wanda tunaninsa ke fara zuwa likita.

Mun tarar da ruwan kori bai wuce gwiwa ba. Bulus ya sauka ya taka shi da ƙafa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya dawo ya ja mota muka haye.

Gidan cike yake da mutane. Mai goge yana zaune a gindin bishiya, gogensa a cinya, ba ya kaɗawa. Sanusi ne ya hana shi. Wani ya buga masa salula yana shago, ya hau moto ya riga mu isowa, yana tsaye a tsakar gida da abokinsa, fuskarsa ba annuri. Ƙofar ɗakin Inna Dela a rufe take da asabari, hayaƙin turare yana fitowa ta ƙarƙashi. Na gaida tsofaffi, na gaida mai goge, na gaida Sanusi.

"Madam, sannu da zuwa," in ji shi. "Amma wanga ba aikin likita ba ne. Aljani ne, kuma an san inda anka kirawo shi. Zan ɗauke ta in kai ta wurin malaminmu a yi mata ruƙiya."

Asabari ya ɗaga, Inna Dela ta fito. Doguwar mace ce baƙa, ba ta tsufa sosai ba, da jan ƙyalle a kai. Ba ta dubi Sanusi ba. Tsakanin suruka da suruki akwai kunya, ba sa magana kai tsaye, ga kuma gabar da ke tsakaninsu. Saboda haka duk abin da za su faɗa wa juna, ni suke faɗa wa.

"Madam, ki hwaɗa mishi doguwa ce, iskar gidanmu. Tun yarinyar ga tana ƙarama ta zaɓe ta. Anka ɗauke ta anka kai gidan da ba a son ko jin sunanta. Yau ta zo biɗar hakkinta. A bar mai goge shi yi aikinai, ta sauka lahiya."

"Ki hwaɗa mata ba a yi wa matata shirka ina raye."

"Kuma ki ji da kyau," Inna Dela ta ci gaba, "in anka huda ta da allura doguwa tana bisa kanta, ba ta tashi."

A nan na gane inda nake. Mutanen nan biyu ba su taɓa yarda da juna kan komai ba, amma a ranar sun haɗu kan abu ɗaya: kada Balki ta je likita.

Na ce ban zo ɗaukar kowa ba tukuna, na zo ganin wadda na yi wa awo. Na roƙi su bar ni in shiga in dube ta. Wannan babu wanda ya hana.

Tana kwance rigingine a tabarma, tana minshari irin na wanda bai san inda yake ba. Ta ciji harshe. Wani ya tura mata cokali a baki. Na cire shi, na juya ta gefen hagu, na ce Iya Hajo ta ɗaga asabari ta fitar da kaskon turare don iska ta shigo. Inna Dela ta bi kaskon da ido. Na auna tansiyo, ya hau ƙwarai. Na taɓa cikin na ji shi tauri kamar itace. Na ɗaga zane na ga jini, baƙi, ba mai yawa ba a waje. Na kafa abin sauraro na daɗe ina neman bugun zuciyar jariri, ban tabbatar na ji ba. Abu biyu ne ke nan a haɗe: jijjiga, da kuma mabiyiya da ta fara rabuwa tun kafin haihuwa, jini na taruwa a ciki.

Na kira Inna Dela na nuna mata zanen. Na kira Sanusi ya tsaya a bakin ƙofa. Kafin in buɗe baki, Balki ta sake zabura. Haƙora suka datse, hannuwa suka sandare, fuska ta yi baƙi. Na riƙe kanta kawai don kada ta bugu. Ba a yi wa mai jijjiga komai a lokacin sai a tsare ta. Su biyun suna kallo har ta lafa.

Na ce, "Ni ban san doguwa ba, ban san aljani ba, ba su ne anka koya mini ba. Jinin ga na sani. Yana zuba a ciki inda ba ku gani. In ta kai la'asar a ɗakin ga, ko wa ke da gaskiya cikinku, gawa za ku yi gardama a kanta."

Inna Dela ta juya ta tafi kusurwar ɗaki inda kayanta suke, ƙwarya da ƙyallaye da wasu abubuwan da ban duba ba. Ta durƙusa ta yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji me ta ce ba. Ta dawo ta zauna, ta ɗora kan Balki a cinyarta.

"Ki yi. Amma ni ka riƙe ta."

Na dubi Sanusi. Ya ɗaga kai alamar in yi. Na yi allurar kamar yadda ka'ida ta ce, na sa ruwa, na ba Iya Hajo ledar ta riƙe sama. Sannan na fita wurinsa na ce allura ta tsayar da zabura ne kawai, sai an kai ta Dogon Dutsi an yi mata aiki.

"Wa zai yi aikin?"

"Lokotoro."

"Namiji?"

"Namiji."

Da na ce masa mace ce, da ya yarda nan take, kuma da mun isa can sai a yi wata rigimar a bakin ɗakin tiyata. Saboda haka na faɗa masa yadda abin yake. Ya ciro salula. Babu rezo a cikin gidan, waya ba ta kamawa. Ya fita da sauri ya hau wani tudu bayan rumbuna, muna hango shi yana magana yana jifa da hannu. Na koma na ci gaba da duba numfashin Balki, don allurar nan tana iya danne numfashi. Can ya dawo, muryarsa ta sauka.

"Malam ya ce lalura ce. Ya ce in na tsaya ta mutu, ni za a tambaya. A tahi."

Muka ɗauko ta a tabarma muka shimfiɗe a mota. Inna Dela ta biyo mu da wani ƙunshi a hammata, an ɗaure shi da baƙin ƙyalle. Sanusi ya gan shi ya tsaya.

"Madam, wancan abin ba shi shiga mota da matata."

"Ki hwaɗa mishi inda na tahi shina tahiya. Kuma ba ni barin ɗiyata."

Na fara lissafin yadda zan raba wannan kuma, sai Bulus ya leƙo ta taga.

"Motar ga ta ɗauki liman, ta ɗauki fasto, ta ɗauki boka, ba ta taɓa tambayar kowa mi ke aljihunai ba. Malam Sanusi, taho gaba wurina ka yi karatunka. Inna ta shiga baya. Akwai gilas tsakaninku."

Haka aka yi. Iya Hajo ta zauna a gidan, don babu wuri a motar.

Da muka dawo kori, ruwan ya ƙaru. An yi ruwa a can sama, ya gangaro. Bulus ya sake takawa, wannan karon ya kai masa cinya. Ya ce in muka jira zai ƙaru ne, ba raguwa zai yi ba. Ya shiga a hankali, muka kai tsakiya, ƙafar baya ta nutse a yashi. Ya kashe ƙoƙarin ja don kada ta ƙara nutsewa, ya danna oda. Akwai mutane suna noma a gonakin gero na gaɓar can. Suka aje kayan aiki suka rugo, ba wanda ya tambayi ko wace ce a ciki. Sanusi ya sauka da farar jallabiyarsa ya shiga cikinsu. Suka saro rassa suka cusa ƙarƙashin ƙafa, suka tura. Ni ina ciki, hannu ɗaya riƙe da ledar ruwa, ɗaya a wuyan hannun Balki, bugun yana sauri yana raguwar ƙarfi. Inna Dela tana shafa mata goshi tana wata 'yar waƙa a maƙogwaro. A turawa ta uku motar ta fita. Sanusi ya shigo jiƙe har ƙirji, ya ci gaba da karatunsa daga inda ya tsaya.

Da muka hau gudiro, hanyar kwalta, rezo ya dawo. Na buga asibiti na gaya musu abin da nake kawowa don su shirya ɗakin tiyata. Wannan kiran kada ku taɓa mantawa da shi. Mace ta iso ana jiranta daban take da mace ta iso a fara neman mai makulli.

Mun isa bayan azahar. Lokotoron da ke aiki saurayi ne, ya duba ta da sauri, ya sa na'ura a cikin, ya kira ni gefe ya ce jaririn ya riga ya tafi, uwar ce ake nema yanzu. Ya ce za ta buƙaci jini fiye da abin da ke ajiye, don irin jininta ba shi da yawa cikin mutane. A irin wannan hali dangi ake nema su bayar. Ana ɗiban kaɗan a gwada a labo, in ya dace kuma ba shi da ciwo, sai a ɗiba a ƙara mata.

Na gaya wa Sanusi maganar jaririn a tsaye a baranda. Ya yi salati, ya share fuska da hannun riga, ya naɗe hannun rigar ya ce a ɗibi nasa. Aka gwada, bai dace ba. Bulus ya miƙa hannu, shi ma bai dace ba. Nawa na san irinsa tun ina lakwal, ba zai yi ba. Saura mutum ɗaya.

Inna Dela tana zaune a ƙasa a jikin bango, ƙunshinta a cinya. Ba ta taɓa shiga babban asibiti ba. Na tsuguna na yi mata bayani. Ta saurara har na gama.

"Jinina ba nawa ba ne, Madam. Tun ranar da anka yi mini girka, na mai shi ne. Ba ni da ikon kyauta da shi."

Girka ita ce shigar da mutum bori. Wanda aka yi wa, a wurinsu, jikinsa ya zama na iskar da ke hawansa. Ba wasa take yi ba, kuma ba rowa ba ce. Tsoro ne na gaske nake gani a fuskarta, irin na wanda aka ce ya taɓa abin da aka haramta masa tun yana yaro. Ta tagar ƙofa ina hango ana tura gadon Balki zuwa ɗakin tiyata.

Sai Sanusi ya matso. Rigarsa ba ta bushe ba. Ya durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a siminti, kansa a ƙasa. Tun da ya auri 'yarta, in ji Iya Hajo daga baya, bai taɓa yi mata magana baki da baki ba bayan gaisuwa.

"Inna," ya ce. "Don Allah."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"In ta samu nawa, ta tashi?"

"Ban yi miki alkawari ba, Inna. In ba ta samu ba, ba ta tashi. Wannan kam na sani."

Ta daɗe tana kallon ƙunshin. Sannan ta miƙe, ta duba mu ɗaya bayan ɗaya, ta miƙa wa Bulus. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri, ya koma benci ya zauna da shi. Na raka ta labo. Jininta ya dace.

Da aka kwantar da ita aka sa allurar ɗiba, ta juya fuska bango. Balki 'yar fari ce, kuma kun san uwa ba ta kiran sunan 'yar fari. Duk ranar "yarinyar ga" take cewa, ko "ɗiyata". A gadon nan na ji ta kira sunan a hankali, sau biyu. Na yi kamar ina gyara ledar jini.

An fitar da jaririn, namiji ne. An tsayar da zubar jinin, aka ƙara mata na ajiye da na uwarta. Ban jira farfaɗowarta ba, domin ambilans ɗinmu ɗaya ce, kuma akwai wasu masu ciki a bayanmu. Na damƙa ta ga sajfam ɗin asibiti, na bayyana mata abin da na yi da lokacin da na yi allura. Sanusi ya karɓi jaririn a naɗe cikin farin ƙyalle don ya kai shi a binne. Bulus ya mayar wa Inna Dela ƙunshinta. Muka kama hanya, muka tarar wani kori da ke hanyar likitarmu ya cika, muka zaga ta doguwar hanya. Washegari aka bugo aka ce Balki ta buɗe ido ta nemi ruwa.

A taron ƙarshen wata na ba da bayanin abin da ya faru. Muka zauna da majoro da matiron duka muka duba inda Balki ta kuɓuce mana, muka ga goyon ciki ne. Mace tana awo a likitar garin mijinta, sai a watannin da suka fi hatsari a ɗauke ta a kai wata tunga inda ba wanda ya san tana da hawan jini. Daga ranar, duk mai cikin fari da ta zo awo sai na tambaye ta gidan wa za ta haihu, in sanar da matiron ɗin wajen. Majoro ya ware rana guda a wata, ina hawa bayan moto da abin auna tansiyo in zaga tungayen bayan kori. Muka kuma roƙi maigari ya ba mu ɗaki kusa da likita, inda mace mai alamun hatsari za ta zauna da 'yar rakiyarta idan damina ta kama kuma haihuwa ta matso. Wasu sun zauna. Wasu mazan sun ce ba mai yi musu tuwo, suka hana.

A zagayena na farko na biya gidan Inna Dela. Balki tana can tana wankan jego ba jariri. Ta rame, amma tana tafiya da ƙafarta. Inna Dela ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo fura. Ta ce mini doguwa jini ta nema, an ba ta, ta saki. Sanusi kuwa, da na haɗu da shi a kasuwa, ya ce Allah ne ya karɓi addu'a. Ban gyara wa kowa ba. Abin da na roƙi Inna Dela shi ne, idan an kawo mata mai ciki da kumburin fuska ko ciwon kai, ta turo ta in auna tukuna, sannan ta yi nata. Ta ce za ta duba. Wasu ta turo, da saƙon cewa in na gama in mayar mata da su. Wasu ba ta turo ba, kuma cikinsu akwai wadda muka rasa a daminar da ta biyo.

Surukan ba su shirya ba. Har na bar wajen Sanusi ba ya cin abincin gidanta, ita kuma ba ta taka shagonsa. Amma da Balki ta sake samun ciki, shi ya riƙa kawo ta awo ba fashi, kuma da wata ya kama, shi da kansa ya kai ta Dogon Dutsi tun kafin naƙuda. Ta haifi mace.

Abin da na ɗauka daga ranar ba shi da yawa. Allura da ruwa da mota duk an ba mu, kuma kun iya amfani da su fiye da yadda na iya a lokacin. Amma a daji ba za ku taɓa samun mace ita kaɗai ba. Kullum akwai wani tsaye a bakin ƙofa, miji ko uwa ko kaka, da nasa bayanin abin da ke damunta, kuma ba za ku canza masa shi a safiya ɗaya ba. Ku gaishe shi. Ku faɗi abin da idonku ya gani, ku tsaya nan. Kada ku yi masa ƙarya don ya buɗe, kada ku yi masa alkawarin rai. Na lura cewa wanda ya fi tare ƙofa, yawanci shi ne ya fi kowa tsoron rasa ta. Da shi za ku yi aiki, domin ku za a canza muku wurin aiki wata rana, shi kuwa yana nan, kuma mai ciki ta gaba ma a hannunsa za ku same ta.